Bugun zuciya da haki a lokacin ciki da jego: wanne ne na al'ada, wanne ne na asibiti?

Ummu Sudais: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Cikina ya shiga wata 7, kuma tun wajen wata 5 nake jin zuciyata tana bugawa da sauri, wani lokaci har a kunnena nake jin ta idan na kwanta. In na hau bene sai na tsaya na huta. A cikin Sudais ban lura da haka ba. Na je awo an ce jinina bai hau ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Haka abin yake ga kowa, ko ciwon zuciya ne yake neman kama ni?

Maman Ilham: Wa alaikis salam. Allah ya raba lafiya. Ni ma na yi irinsa, kuma nawa har da jiri. Da na kwanta rigingine sai in ji ɗakin yana juyawa, gumi ya karyo min, sai na mirgina gefe nake samun sa'ida. Bari Sista Rabi ta zo, ita ce aikinta.

Sista Rabi: Ga ni. Ummu Sudais, ki kwantar da hankalinki tukuna, yawancin abin da kika lissafa aikin ciki ne. Daga makonnin farko jikin mace yake fara tara jini, kafin ta kai wata 8 jinin jikinta ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, wato wajen lita ɗaya da rabi a kan wanda take da shi. Duk wannan zuciya ɗaya ce za ta tura shi. Shi ya sa jinin da take harbawa a minti ɗaya yake ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50, bugunta kuma ya ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a minti. Wadda ta saba da 75 sai ta ga 90, kuma lafiyarta ƙalau. Kamar injin ban ruwa ne da aka ƙara masa fili, dole ya ƙara gudu, ki ji ƙararsa fiye da da. Mahaifa kaɗai a ƙarshen ciki tana karɓar sama da rabin lita a kowane minti.

Abin da ya sa jini ba ya hawa duk da wannan ƙarin shi ne jijiyoyin jini suna saki, su buɗe. Har ma awon jini yakan ɗan sauka a tsakiyar ciki, wajen wata 5 zuwa 6, sannan ya dawo daidai gab da haihuwa.

Maman Ilham, naki kuma sananne ne. Akwai babbar jijiya da take mayar da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya, tana bi ta bayan mahaifa, ɗan ɓangaren dama. Daga mako 20 zuwa sama, in mace ta kwanta rigingine nauyin ciki yana danne ta, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai jiri da tashin zuciya. Maganinsa kwanciya a gefe, an fi son hagu. A ɗakin haihuwa ma ba ma barin mace ta daɗe a rigingine, in dole ne mukan cusa mata filo a ƙarƙashin ƙugun dama.

Ummu Sudais: Na gode Sista, Allah ya saka da alheri. To amma an ce min jinina ya yi ƙasa kaɗan. Ta yaya jini zai ƙaru kuma a ce ya yi ƙasa?

Sista Rabi: Ruwan jinin ne ya fi ƙaruwa. Jajayen ƙwayoyin suna ƙaruwa su ma, amma ba su kamo shi ba, sai jinin ya zama ya ɗan tsinke. Wannan kaɗan ɗin ba laifi. Amma in awon sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin, wanda ake kira Hb, ya gaza 11 ana kiransa ƙarancin jini, kuma a wajenmu ga zazzaɓin cizon sauro ga rashin cin abin da ke gina jini, sai ki ga mace ta zo da 7 ko 8 tana haki. Zuciyar irin wannan aiki biyu take yi. Ki riƙa shan jan maganin nan da suke bayarwa a awo, kar ki ajiye shi a ƙasan katifa don yana sa bahaya ya yi baƙi, haka yake yi wa yawancin mutane.

Dakta Bilkisu: Sista ta gama bayani, sai dai ina so in ja layi, don kar a tashi daga nan da cewa duk haki na ciki ne. Hakin ciki shi ne wanda kike ji kina son jan dogon numfashi, amma kina aikinki, kina magana, kina barci. Wanda ba mu yarda da shi ba: haki kina zaune ba ki yi komai ba, ko ki kasa kwanciya sai kin tara filo uku, ko ki farka tsakar dare kamar an shaƙe ki, ko tari mai kumfa, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko bugun da ya wuce 120 kina hutawa. Kumburin ƙafa da yamma wanda ya saɓe da safe yawanci ba komai. Kumburin da ya hau fuska da hannu, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, wannan a auna jini da fitsari a ranar. In jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 ana tsoron abin da ke kai wa ga jijjiga.

Ummu Sudais, a awo na gaba ki faɗa musu duk abin da kika faɗa mana, a saurari ƙirjinki. Akwai matan da ciwon maƙogwaro na yarinta ya taɓa musu ƙofar zuciya, ta ƙuntace, ba su sani ba sai ciki ya tona. Irinsu a wata 6 zuwa 8 suke fara shan wuya, lokacin da jini ya kai ƙololuwa.

Maman Ilham: Dakta, to ai in an haihu an huta ko? Nauyin ya sauka.

Dakta Bilkisu: Nan ne mutane suke sakin jiki, mu kuma nan ne muke ƙara sa ido. A naƙuda, duk murɗawar da mara ta yi, mahaifa tana matso jini mililita 300 zuwa 500 ta mayar cikin jijiyoyi, ga zafin ciwo yana ƙara wa zuciya gudu, ga yunƙuri. Da jariri ya faɗo mabiyiya ta fita, mahaifa ta tsuke, jinin da ke cikinta ya koma jiki gaba ɗaya, jijiyar nan da aka danne ita ma ta buɗe. A wannan ɗan lokacin aikin zuciya yana iya haura na kafin naƙuda da kashi 60 zuwa 80. Babu lokacin da ya kai shi nauyi a duk tsawon cikin. Jinin da ake zubarwa, wajen rabin lita a haihuwa da kai, wajen lita ɗaya a tiyata, daga wancan ƙarin ne ake biyansa, hikimar tara shi ke nan. Sannan a kwanakin farko ruwan da ya taru a jiki yana komawa jijiyoyi, shi ya sa mai jego take yawan fitsari da gumi. Zuciya mai lafiya tana ɗauka, cikin mako biyu mafi yawan abin ya lafa, sauran ya bi a hankali cikin watanni. Mai rauni kuwa a nan take gazawa, ruwa ya taru a huhu.

Anti Ladi Zariya: Wannan magana ta taɓo min inda yake min ciwo. Ƙanwata ta haihu lafiya, aka yi suna lafiya. Ana cikin wanka sai ƙafafu suka fara kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Ranar da na je na tarar da ita zoben hannunta ya nutse a yatsa, tana magana tana yankewa. Da muka kai ta asibiti aka yi hoton zuciya aka ce ta buɗe, ba ta matsawa sosai. Alhamdu lillahi ta rayu, amma ta fi shekara tana shan magani. Ni dai tun daga nan na tsani wankan jego. Ni a ganina shi ne yake kashe mana mata, a daina shi kawai.

Hajiya Inna: Ladi, Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya. Amma ki yi a hankali da maganar a daina. Ni na haifi takwas, kowanne na yi wankansa safe da yamma da ganyen darbejiya har na yi arba'in, na sha kunun kanwa, ga ni ina aurar da jikoki. Iyayenmu ba mahaukata ba ne. Wankan nan shi ne yake sa a kula da mai jego, a dafa mata, a ɗauke mata aiki, a gasa mata nama. Yanzu da kuka watsar, yarinya ta haihu yau jibi tana tsugune tana wanki, ba mai leƙa ta. Wannan ne lafiyar?

Anti Ladi Zariya: Hajiya, ku yi haƙuri, ba raina iyaye nake ba. Amma waɗanda abin ya kashe ba sa nan balle su ba da labari. Ku da kuka tsira ku ne muke ji.

Dakta Bilkisu: Ku duka biyun kuna da abin kamawa, kuma wannan gardamar likitoci ma sun yi ta, a garinku ma aka fara, Anti Ladi. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa a 1978. A lokacin an ƙiyasta abin yana samun wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin Zariya, adadin da ya girgiza masana, domin a Amurka ana maganar 1 cikin 1,000 zuwa 4,000 ne. Suka lura matan suna wanka da tafasasshen ruwa, suna kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, suna shan kunu mai kanwa da yawa, kuma an fi kawo su a watannin zafi. Bayaninsu shi ne kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙara aiki, duk a lokacin da take fama da ruwan haihuwa. Shekaru da yawa haka ake koyarwa a duniya.

Daga baya aka sake dubawa. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike mai suna PEACE, mata sama da 400 daga asibitoci a sassan Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2020. Har yanzu Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu ciwon, kuma adadin bai yi nisa da 1 cikin 100 ɗin nan ba. Amma da aka kwatanta masu ciwon da masu jegon da ba su da shi, wanka da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, hawan jinin ciki, rashin karatu da rashin abin yi. A taƙaice talauci da yunwa da jinin da ya hau ba a kula ba.

Hajiya Inna: To kin ji, Ladi. Ashe ba wankan ba ne.

Dakta Bilkisu: Hajiya, ban gama ba, ku ɗan ƙara min haƙuri. Cewa wanka ba shi ne ya haddasa ciwon ba daban, cewa ba ya cutar da wadda ta riga ta kamu daban. Duk mai ciwon zuciya a duniya abu na farko da ake ce masa shi ne ya rage gishiri. Mace zuciyarta ta raunana, huhunta ya fara tara ruwa, a ɗura mata kanwa safe da yamma, a zaunar da ita cikin tururi, wallahi ƙara mata ake yi. Abin da ya fi ci min rai kuma shi ne fassarar da ake yi wa alamomin. Kumburi a ce sanyi, haki a ce rashin gasuwa, tari a ce mura, a yi ta ƙara wuta har mako biyu uku su wuce. Matan da nake gani ba sa zuwa da ƙafarsu, ɗauko su ake yi. Da an kawo su a makon farko da labarin ya bambanta.

Ni ba na ce wa kowa ta daina wanka. Ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, hutu, abinci mai kyau, kulawar uwa, duk ina so, kuma gaskiyarku ne cewa mai jegon yanzu tana rasa su. Abin da nake roƙo a bari shi ne ruwan da ke saɓule fata, da gadon wuta, da kanwa. Wadda kuma aka ce jininta ya hau a ciki, ko ta yi jijjiga, ko ta haifi tagwaye, ita kanwa ko kaɗan kar ta kusance ta.

Zara'u Maraɗi: Mu ma nan Nijar muna da wannan ciwo sosai, a ƙauyukanmu ana ganin mai jego ta kumbura. Na taɓa jin wani likita a rediyo yana cewa akwai wani sinadari da ya yi ƙaranci a abincinmu. Dakta, gaskiya ne?

Dakta Bilkisu: Gaskiya ne, seleniyam ake ce masa. A Yamai aka fara nuna haka, a wani bincike da aka wallafa a 1992, inda aka ga matan da ke da ciwon sinadarin ya yi ƙasa a jininsu. Daga baya aka samu irin wannan sakamako a Kano. Jiki kaɗan yake buƙata, ana samunsa a kifi, ƙwai, nama da hanta, a hatsi kuma ya danganta da ƙasar da aka noma shi. Amma don Allah kar wata ta je kemis ta saya ta yi ta sha, yawansa guba ne, kuma shi kaɗai ba ya maganin zuciyar da ta gaza. Ciwon yana da hannaye da yawa. Akwai gado, don ana samun dangin da abin yake bi. A Haiti ma yana da yawa, wajen 1 cikin 300, kuma su ba sa shan kunun kanwa.

Maman Ilham: Subhanallahi. To ta yaya ake tabbatarwa, kuma ana warkewa?

Dakta Bilkisu: Da hoton zuciya, wanda muke kira eko. Irin na'urar da ake duba jariri a ciki ce, ba zafi ba allura. Ana auna kason jinin da zuciya take fitarwa a kowane bugu. Mai lafiya tana fitar da sama da rabin abin da ke cikinta. In ya gaza kashi 45, a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa, kuma ba a ga wani dalili ba, shi ne wannan ciwon. Ana ba da maganin fitar da ruwa da magungunan da ke sauƙaƙa wa zuciya aiki, wasu a ƙara musu na hana jini daskarewa. Da yawa suna warkewa, wasu cikin wata 6, wasu sai an shekara ko fiye, wasu kuma zuciyar ba ta komawa daidai. Babbar matsalarmu ita ce da kumburi ya saɓe sai a ajiye magani a ce an warke. Saɓewar kumburi ba ita ce warkewa ba, eko ne zai faɗa.

Sista Rabi: In ƙara da abin da nake gani a wajen aiki. Mace za ta yi awo sau shida sau bakwai ba fashi, amma da ta haihu shi ke nan, ba za mu sake ganinta ba sai ranar rigakafin jariri, ranar ma jaririn ake dubawa, ita ba mai ce mata yaya jikinki. Ga al'adar ba a fita sai an yi arba'in. Alhali hawan jini yana iya tasowa bayan haihuwa, an fi ganinsa daga kwana 3 zuwa 6, har jijjiga ana yi a jego. Ku masu zuwa barka, ku riƙa kallon uwar. In kun ga tana magana tana haki, ko ta kasa sa takalminta, ko filo ya yi mata yawa a baya, ku yi magana ko da za a ji haushinku.

Hajiya Inna: Wannan kam na yarda. Kanwar ma ni ban taɓa cika ta ba, ɗan ƙanƙane ake jefawa don ɗanɗano, masu zuba ta da ludayi su ne suka ɓata abin. Amma wanka ina nan a kan bakana, jikokina za su yi, sai dai zan riƙa sirka ruwan. In na ga kumburi kuma asibiti za mu.

Anti Ladi Zariya: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta son sa, Hajiya, amma in za a sirka a bar kanwa ba ni da ta cewa. Dakta, tambayata ta ƙarshe. Ƙanwar tawa yanzu dangin miji sun fara maganar yaron ya yi wayo, ya kamata a yi masa ƙani. Ita kuma tsoro take ji, ta kasa faɗa.

Dakta Bilkisu: Tsoronta yana kan hanya. Kafin a yi maganar wani ciki sai an sake eko. In zuciyar ba ta koma daidai ba, wato tana ƙasa da kashi 50, shawarar likitoci ita ce kar ta sake ɗauka, domin ciwon yana iya dawowa da ƙarfi har ya tafi da rai. In ta koma daidai ma akwai sauran haɗari, sai dai ya ragu, kuma za a bi ta da eko tun daga farkon ciki har bayan haihuwa, ta haihu a babban asibiti inda akwai likitan zuciya. Wani abu kuma mai muhimmanci: wasu magungunan da take sha, irin su enalapril da lisinopril, suna yi wa ɗan tayi illa, dole a canza su kafin ciki ya shiga, ba bayan an gano shi ba. Don haka tana buƙatar tsarin tazarar haihuwa tun yanzu, kuma ba kowanne ne ya dace da ita ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da ke ɗauke da sinadarin istirojin ba a ba mai ciwon zuciya saboda daskarewar jini, an fi ba su na dantse ko na mahaifa.

Ki sa mijin ya raka ta ganin likita a zama na gaba, a nuna masa hoton da idonsa, a yi masa bayani. Shi ne zai iya tare mata danginsa.

Anti Ladi Zariya: In sha Allahu zan kira shi da kaina yau da daddare. Ranar Talata ce ranar asibitinta, zan ce ya nemi izini a wajen aiki.